Mai Rawa a Coci, Gurguwa a Gida

A bakin ƙofa ƙafar Mama Afiniki take yi mata gardama. Cikin ɗaki takan lallaɓa, ta dafa gado, ta dafa kujera, har ta kawo dokin ƙofa. Nan tafiyar take mutuwa. Tafin ƙafarta sai ya manne da siminti kamar an shafa masa ƙaro, gwiwoyi su yi ta karkarwa a wuri ɗaya, ƙirji ya yi gaba, ƙafa kuwa ta ce ba da ita ba. Tana ganin tsakar gida, tana ganin banɗaki can gefen bishiyar gwanda, tana sane sarai da yadda ake ɗaga ƙafa a ajiye. Umarnin ne kawai ba ya isa inda aka aike shi.

Hannun dama ya riga ƙafar kamuwa. Tun tana ƙauye wajen Kachia, tana fere citta, ya soma rawa shi kaɗai idan ta ajiye shi a cinya, babban yatsa yana murza manuni kamar mai tsince tsakuwa a acca. Da abin ya yi yawa ne ɗanta Gershon ya ɗauko ta ya kawo ta gidansa a Kafanchan. Malamin sakandare ne, kuma dattijo a ikkilisiya, mutumin da ko gaisuwa zai yi sai ya gyara murya. Matarsa Irene ma'aikaciya ce a ƙaramar hukuma. Gaskiya dai a faɗe ta, da farko sun riƙe tsohuwar da hannu biyu. Idan ta maƙale a ƙofa, Irene takan miƙo mata hannu ta ce, “Sannu Mama, zo a hankali.”

Ranar Lahadin godiyar girbi ce ta ɓata komai.

An kai ta coci a mota, aka zaunar da ita a layin Zumuntar Mata, sanye da zanen ƙungiya da Irene ta ɗaura mata, don yatsunta sun daina iya ɗauri. Lokacin baiko ya yi. Mama Hulda, Uwar Zumunta, ta ɗaga murya ta ja waƙa, mai tulu ta dinga buga bakin tulun da soso, caki ya shiga, ƙarfe ya shiga. Afiniki ta ji bugun nan ya sauka har cikin ƙashinta. Ba ta yi shawara da kowa ba, ba ta ma yi da kanta ba. Ta miƙe. Ƙafar hagu ta bi tulu, ta dama ta bi ta hagu, sai ga ta a cikin layi tana taku, tana juya kafaɗa, har gaban bagadi. Mata suka ɗauki guɗa. Hulda ta rungume ta tana cewa Ubangiji ya yi abinsa. Afiniki kanta ji ta yi kamar an kwance ta daga turke, kuma ta yi murna irin wadda ta daɗe ba ta yi ba, ko da yake fuskarta ba ta nuna ba. Fuskar ma ta jima da daskarewa.

Irene tana can baya da waya a hannu, ta ɗauki komai.

Da suka dawo gida, aka buɗe ƙofar falo, sai ƙafar ta koma halinta. Afiniki ta tsaya cak, ta miƙa hannu yadda ta saba. Hannun ya daɗe a iska, ba wanda ya kama shi.

“Baban Ƙauna, zo ka gani,” in ji Irene, tana miƙa wa mijinta wayar. “Duba Mama. Yana rawa kaman yarinya. Yanzu kuma duba shi a ƙofa.”

Gershon ya kalli waya, ya kalli uwarsa, ya sake kallon waya.

“Mama, menene wannan?”

“Idan na ji ganga, ƙafan yana buɗewa,” in ji ta. Muryarta ta zama siririya, sai an kasa kunne. “Ban san dalili ba, Gershon.”

“Ganga. To a gidan nan za mu ɗauki makaɗi ke nan, saboda ki je banɗaki?”

Ta so ta ce masa kada ya yi mata haka. Ta so idonta ya nuna masa yadda maganar ta soke ta. Amma fuskar tana nan shafe, ko ƙiftawa da ƙyar. Shi kuwa abin da ya gani ke nan: tsohuwa ta ƙura masa ido ba kunya ba nadama. Ya ce raini ne.

Kafin magariba bidiyon ya shiga zauren iyali na waya. 'Yan'uwa daga Sabon Tasha har Jere kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Wata ta ce ai Mama tun da can tana son a lallaɓa ta. Wani ya ce tsofaffi haka suke, idan suka ɗanɗana hutu sai su kwanta a kai. Mutanen da ba su taɓa wanke mata ko ɗankwali ba, duk suka zama likitoci a yini ɗaya.

Washegari Gershon ya kafa doka, kuma ya kafa ta da muryar da yake karanta sanarwa a coci. Ba mai sake riƙe wa Mama hannu. Sandar da take dogarawa ya ɗauke, ya ce sanda tana koya wa jiki lalaci. Abinci ba za a ƙara kai mata ɗaki ba, za a ajiye shi a kicin, can ƙetaren tsakar gida, mai jin yunwa ya je ya ɗauka. Zuwa coci kuma an dakatar, sai ranar da ta yi tafiya a gida yadda ta yi a gaban bagadi.

“Saboda alherinki ne, Mama,” in ji shi. “Idan mun ci gaba da ɗaukanki, za ki zama gurgu na gaskiya.”

Kuma ya yarda da abin da ya faɗa, wannan shi ne abin takaicin. Ba mugu ba ne mai cizon haƙora. Mutum ne da ya saba da ɗalibai masu ciwon ciki ranar jarrabawa, ya ɗauki uwar da ta haife shi ya sa a layinsu.

Kwanaki suka yi ta tafiya, Afiniki tana raguwa. Da safe su biyun sukan fita aiki, su bar ta da gida. Takan kai ƙofa ta maƙale, ta yi ta roƙon ƙafarta kamar mai roƙon jaki. Wani lokaci ƙafar takan saki don kanta, ta kwashe ta da ƙananan taku masu sauri, jiki a gaba, har sai ta ci karo da bango. Wani lokaci ba ta saki. Ranar da fitsari ya riga ta, a tsaye ya zubo, ya bi ƙafa ya taru a dokin ƙofa, tana kallonsa. Matar da ta yi noman citta ta biya wa yaro makaranta, ita ce tsaye cikin fitsarinta tana jiran surukarta ta dawo ta gani.

“Da gangan ne,” in ji Irene da ta dawo. “Yana so ya nuna mini. Mama, ni ba 'yar aiki ba ne. Ga bokiti, ga sabulu, ki wanke zanenki.”

Ta wanke. Hannu yana rawa, sabulu yana suɓucewa, ta wanke.

Sai ta rage shan ruwa don kada fitsari ya kama ta. Abinci kuwa, ran da ta kai kicin ta ci, ran da ba ta kai ba ta kwana da yunwa. Ko ta kai ɗin ma, cokali kan zubar da rabin gwaten a hanya kafin ya iso baki. Yawu ya soma zubo mata ta gefen leɓe ba ta sani ba. Zane ya soma yi mata yawa. Gershon ya lura da ramar, ba makaho ba ne, amma ya riga ya tanadi amsa: taurin kai ne, so take ta rame mutane su zage shi.

Mama Hulda ta zo wata Laraba bayan taron Zumunta, da lemu a leda. Gershon ya tare ta a falo da fara'a da ruwan sanyi.

“Dattijo, ina Maman Gershon? Mun daina ganinshi a sujada.”

“Yana hutawa, Mama. Muna ɗan horon jikinshi ne.”

“Horo? Kai ɗana, tsohuwa ake horo? Ka bar mu mu riƙa ɗaukanshi. Ka ga yadda ya yi ranan godiya.”

“Abin da na gani ke nan, shi ya sa,” in ji Gershon, yana murmushi. “Wanda ya yi rawa don mutane su gani, zai iya tafiya don kanshi. Ku dai ku sa mu a addu'a.”

Afiniki tana jin su daga ɗaki. Ta kira, “Hulda.” Ta sake kira. Muryar ba ta ko kai labule ba. Ta ji an rufe ƙyauren gida, ta ji takun ƙawarta yana nisa, ta zauna da hannunta yana ta murza abin da babu.

Abin da ya ɗan cece ta a tsakanin nan turmin maƙwabta ne. Bayan katangar gidan akwai wata mata da take daka kullum da hantsi. Afiniki ba ta taɓa ganin fuskarta ba, ba ta san sunanta ba. Wata rana tana maƙale a ƙofa sai taɓarya ta fara sauka, dum, dum, dum, a jere ba gaggawa. Ƙafar hagu ta ɗaga. Ta dama ta bi. Kafin ta ankara ta ƙetare tsakar gida tana tsaye a kicin. Tun daga ranar ta mai da rayuwarta kan dakan matar nan. Takan zauna a bakin gado tana kasa kunne, yunwa da fitsari duk a riƙe, da ta ji taɓarya sai ta tashi: banɗaki tukuna, sannan kicin, sannan ta dawo kafin a gama. Ran da matar ba ta yi daka ba, ranar azumi ce.

Wata Asabar Irene ta leƙo ta taga ta gan ta tana tafe tsaf a tsakar gida. Ba ta ji turmin ba, ko kuma ta ji ba ta ɗauke shi a bakin komai ba, wa yake sauraron turmi a unguwa?

“Na kama shi!” ta ce wa mijinta. “Idan ya ga ba kowa, yana tafiya lafiya lau.”

Afiniki ta ce, “Turmi ne.” Gershon ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Jiya ganga, yau turmi, gobe kuma sai a ce jirgin ƙasa. Ya ce wa matarsa su ƙara haƙuri, dabarar tana aiki.

Watanni suka shuɗe, damina ta zagayo har ta yi nisa. Ran da abin ya faru, hadari ya haɗo tun safe ta wajen dutsen Kagoro, amma bai sauko ba har suka fita aiki. Afiniki ba ta ci komai ba tun jiya da rana. Da hantsi taɓarya ta fara. Ta miƙe, ta wuce ƙofa ba gardama, ta shiga tsakar gida tana bin bugun. Ta kai tsakiya, daidai inda babu bango babu bishiya, babu abin dafawa ko ɗaya, sai iska ta taso, ɗigon farko ya faɗo. A bayan katanga matar ta jefar da taɓarya ta ruga kwashe shanyarta.

Shiru.

Ƙafafun suka kafe a inda suke. Afiniki ta ce, “Yesu.” Ta gwada jan waƙar Zumunta da bakinta, ko za ta yi wa kanta kiɗa, amma ruwan ya sauko da ƙarfi a kan kwanon rufi, ya haɗiye 'yar muryar. Ta tsaya ruwa yana dukanta, zane ya jiƙe ya yi nauyi, gwiwoyi suna karkarwa. Ta daɗe a haka. Daga baya ƙirjin ya yi gaba kamar yadda ya saba, ƙafa ba ta bi ba, hannuwan da ya kamata su tare ƙasa su ma ba su fito da wuri ba. Ta faɗi a kan ƙugunta na dama. Ta ji ƙarar ƙashin da kunnenta.

Ruwa ya yi ya ɗauke, rana ta fito, ta sake komawa. Afiniki tana kwance a kan siminti tana kallon ƙofar kicin, inda kwanon tuwon acca yake a rufe yana jiranta. A nan Irene ta same ta da la'asar. Kuma kalmar farko da ta fito daga bakin Irene, kafin ta ga yadda ƙafar ta juye, ita ce, “Mama, tashi mana.”

A asibiti hoto ya nuna ƙashin ƙugu ya karye. Likitar, wata mace mai ƙaramin jiki, ba ta tsaya a kan karayar kaɗai ba. Ta ɗaga hannun Afiniki ta lanƙwasa, ta ji yadda yake tirjewa. Ta kalli yatsun da suke murzawa, ta kalli fuskar. Ta tambaya tun yaushe take maƙalewa in za ta tashi tafiya.

Gershon ya gyara murya. Ya ce kafin a yi nisa yana so likita ta san wani abu, don kada Mama ta ruɗe ta kamar yadda ta ruɗi wasu. Ya ciro waya ya nuna mata rawar ranar godiya.

Likitar ta kalla har ƙarshe.

“Malam, wannan ai shi ne ciwon,” in ji ta. “Sunansa Fakinsin. Akwai wani wuri a ƙwaƙwalwa da yake ba jiki izinin fara motsi, yana kuma riƙe masa takunsa ba tare da mutum ya yi tunani ba. A wannan ciwon wurin yana lalacewa a hankali. Shi ya sa hannu yake rawa, jiki ya yi tauri, murya ta ƙanƙance, fuska ta daina nuna abin da ke zuciya. Shi ya sa suke maƙalewa, musamman a bakin ƙofa. Amma idan akwai bugu daga waje, kiɗa ko tafi ko ƙirga, sai ƙwaƙwalwa ta bi ta wata hanya, ƙafa ta saki. Mu da kanmu muna koya wa masu ciwon su yi tafiya da kiɗa.”

“To yana warkewa?” in ji Irene, a hankali.

“Ba ya warkewa, gaba yake yi. Amma akwai magani da yake sassauta shi sosai, mutum ya yi shekaru yana tafiya da ƙafarsa. Da an kawo ta tun hannun yana rawa, da yanzu wani zancen muke yi. Ba ta taɓa gaya muku kiɗa yana taimakonta ba?”

Gershon ya mai da wayar aljihu.

Karayar tana son aikin tiyata, jikin kuma ba shi da ƙarfin ɗaukar aiki. Ramar ta yi yawa, sanyin ruwan nan ya sauka a ƙirji, aka ce a jira ta murmure. Ba ta murmure yadda ake so ba. Aka fara ba ta maganin, kuma ya yi abin da likita ta ce zai yi: rawar hannun ta lafa, yatsu suka saki, muryar ta ɗan dawo. Maganin da zai buɗe mata ƙafa ya iso, ƙafar kuwa ta riga ta tafi. Duk wanda ya ga yadda ma'aikatan jinya suke juya ta a gado ya san Afiniki ta gama taka ƙasa.

Ranar Lahadi bayan sujada Gershon ya zo da kunu a flas. Ya zauna a bakin gado, ya ɗiba a cokali, ya hura, ya kai mata baki. Ta sha, ta sha, sannan ta kau da kai.

“Gershon.”

“Na'am, Mama.”

“Ban yi maka ƙarya ba.”

“Na sani, Mama.” Idonsa ya cika. “Na sani yanzu.”

“Likita ya faɗa, ka sani,” in ji ta. “Ni na faɗa maka tun ƙafana yana nan.”

Ya buɗe baki. Yana cikin neman abin faɗa sai hayaniya ta taso daga baranda, dattawan ikkilisiya ne da matansu, sun zo dubiya da Littafi Mai Tsarki a hammata. Gershon ya ajiye cokali, ya share ido da bayan hannu, ya miƙe ya gyara rigarsa. Kafin su iso gadon, dattijo ya dawo cikin jikinsa.

Aka gaisa, aka jajanta. Wani daga cikinsu ya tambaya yaya aka yi haka ta faru.

Afiniki ta juyo da ido ta kalli ɗanta. Ba ta nemi ya durƙusa ba, ba ta nemi ya yi kuka a gaban mutane ba. Kalma ɗaya ta gaskiya take jira, a faɗe ta a gaban waɗanda suka ga rawarta.

“Santsi ne ya kwashe shi,” in ji Gershon. “Kun san tsofaffi, ba su jin magana. Mun sha gaya mishi kada ya fita tsakar gida shi kaɗai.”

Dattawa suka girgiza kai, suka ce sai haƙuri, Ubangiji ya ga ƙoƙarin da yake yi da uwarsa, ba kowane ɗa ne zai yi haka ba a wannan zamani. Wata daga cikin matan ta leƙa fuskar Afiniki, ta ga ba fushi ba hawaye, ba komai.

“Ku dubi baiwar Allah,” in ji ta. “Ko a jikinshi. Ya riga ya gafarta wa kowa.”

Suka kama hannu suka kewaye gadon, suka ce Dattijo Gershon ya ja su a addu'a. Ya gyara murya, ya fara.